Yadda ake tayar da tsohon babur na doguwar tafiya a sayar da shi a Kumasi

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Magazin na Suame, unguwar makanikai da kayan gyara ta Kumasi, ko ya leƙa bayan gidaje a Aboabo da Asawase, ba zai rasa ganin wani ƙaton babur jingine da bango ba, an lulluɓe shi da tsohon tampol, kaji sun mai da kujerarsa wurin kwana. Mu nan moto muke ce masa. Labarinsu kusan ɗaya ne. Wani ya sauko da shi daga Tema cikin kwantena, ya hau shekara biyu yana ƙasaita, wata 'yar matsala ta tsayar da shi, fitan unguwa, wato makanike, ya ce babu kayan gyara, shi ke nan aka manta da shi.

Irin waɗannan na sha tayarwa in sayar. Zan yi misali da Honda Gold Wing GL1100, wanda aka ƙera daga 1980 zuwa 1983, don shi hannuna ya fi sabawa da shi. Amma jerin aikin bai canja ba ko BMW R100RT ka samu ko Honda CX500. Takardu tukuna, sai inji, sai birki, fenti can ƙarshe. Yawancin waɗanda na ga sun yi asara daga fenti suka fara.

Abin da ya kamata ka sani game da shi kaɗan ne. Silinda huɗu gare shi a kwance, biyu dama biyu hagu, girman injin 1085cc, kuma ruwa ke sanyaya shi kamar mota. Ba shi da kaca, shaf ne ke juya tayar baya. Abin da kake gani a gaba kamar tanki ba tanki ba ne, murfi ne kawai da ya rufe matatar iska da fiyus, tankin gaskiya yana ƙarƙashin kujera. In yana da akwatunansa da garkuwar gaba, nauyinsa kusan kilo 300 ne, don haka kada ka yi gigin tura shi kan katako kai kaɗai.

Kayan aiki

Sifana da soket na milimita, musamman 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Kada ka ɗora na inci a kan notin Japan, zai cinye kansa. Sukudireba masu kyau, da kuma irin wadda ake buga wa guduma, domin sukurorin da suka shekara arba'in ba sa fita da lallami. Sifanar auna ɗauri. Mitar auna wuta. Ma'aunin matsin silinda. Fila-geji na saita bawul. Agogon daidaita kabireta, in ka samu aro. Sai gwangwanayen Milo kamar goma da makala, kowane sashe da gwangwaninsa. Wayarka mai kamara, da littafin rubutu guda wanda ba za ka rubuta komai a ciki ba sai abin da babur ɗin ya ci. Littafin gyara na kamfanin ana samunsa a intanet, sauke shi ka buga shafukan da kake buƙata, ka daina dogara da "haka muka saba yi".

Abin da za ka saya kuwa: bel na taimin guda 2, fulogi 4, baƙin mai da matatarsa, matatar fetur, tiyon fetur sabo, ruwan lagireta, man birki DOT 4, man giya 80W-90, giris mai moli, robobin kabireta, batir, tayoyi, kananzir, da farin binega galan ɗaya ko biyu. Mai da tiyo da boris duk akwai su a Magazin. Robobin kabireta da sil-sil na ainihi kuwa, in ba ka dace a kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai a Accra ba, sai ka yi oda daga Amurka ko Turai ta hannun wani ɗan'uwa mai dawowa. Yi odar tun makon farko, don ita ke cin lokaci.

1. Takardu kafin sifana

Kada ka ba da ko sidi ɗaya sai ka ga takardar rajista da takardun kwastan, ka kuma tsuguna da kanka ka gwada lambar da ke wuyan firam da ta jikin inji da abin da ke rubuce. Shafa wurin da kananzir ka haska tocila. In ka ga alamar goge ko an sake buga lamba, yi sallama ka tafi, ko da kyauta za a ba ka. Daga 1981 lambar firam harafi 17 ce, kuma na goma shi ke faɗin shekara: B na 1981, C na 1982, D na 1983. Da wannan kaɗai za ka kama mai cewa "ai na 90 ne".

Yawancin irin waɗannan babura na gado ne. Mai shi ya rasu, ɗa ɗaya yana son sayarwa, sauran ba su sani ba. Nemi a zauna da magada, a rubuta yarda, a sa hannu gaban babban gida ko limamin unguwa. Na taɓa gama aikin wata uku cif, sai ga wani ƙanen mamaci daga Tamale ya ce shi ba a shawarce shi ba. Abin da na biya don a rabu lafiya shi ne ribata gaba ɗaya.

2. Dubawa kafin ciniki

Mai sayarwa zai ce, "Masta, batir kawai yake so, bari mu jona masa na mota ka ji." Ce masa a'a. Dalilin yana mataki na 4.

Abin da za ka yi shi ne ka cire fulogi huɗun, ka zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, ka juya injin da hannu a hankali da sifana. In ya juya sumul, madalla. In ya cije, farashin ya zama na kayan gyara. Duba man inji: in ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, wato gasket ɗin kan silinda ko sil na famfon ruwa. Buɗe tanki ka shinshina, tsohon fetur warin fenti yake yi. Leƙa ƙasan firam wajen da jakin tsakiya yake, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ake kafa babur a kai, nan tsatsa ke ci daga ciki, ƙwanƙwasa da sifana ka saurara.

Sai ka ƙirga abin da ya ɓata. Inji ana gyara shi, amma murfin gefe, fitilar baya, tambarin tanki da makullan akwati su ne ke sa mutum yawo wata da watanni. Babur mara kyan gani amma cikakke ya fi mai sheƙi wanda aka yashe.

Ka kuma zo da mitarka ka gwada kwayil ɗin caji tun a nan. A gefen hagu kusa da batir akwai wayoyi uku rawaya. Tsakaninsu da juna wuta ta wuce, amma tsakanin kowacce da jikin inji kada ta wuce. In ta wuce, kwayil ya ƙone, kuma a wannan babur ba a canja shi sai an sauke inji gaba ɗaya. Rage wannan daga abin da za ka taya.

Lissafina shi ne, in kuɗin saye ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da nake sa ran sayarwa, ba na shiga.

3. Hoto, wanki, kwancewa

Ɗauki hoto ta kowace fuska kafin ka taɓa komai, har da yadda wayoyi da kebul suka bi. Wanke shi da kananzir da buroshi, sannan ruwa da sabulu. Kada ka kai shi wurin masu wankin mota su watsa masa ruwan matsi, yana tura ruwa cikin boris da soket na wuta.

Kada ka wargaza shi gaba ɗaya. Cire kujera, akwatuna, garkuwar gaba da murfin saman, ka nannaɗe su da tsohon bargo ka ɗora a sama. Sashe ɗaya za ka riƙa buɗewa, ka gama, ka rufe. Babura nawa ne a Magazin suka ƙare cikin buhu saboda wani ya kwance komai rana ɗaya?

4. Bel na taimin

Nan ne ran babur ɗin yake. Bel biyu na roba ne a gaban inji suke haɗa karanshaf da kamshaf na dama da na hagu. In ɗaya ya tsinke inji na tafiya, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Bel ɗin da ya shekara goma a tsaye yana iya yin kyau a ido, ya tsinke cikin minti ɗaya. Wani yarona ya taɓa jona batir ina masallaci, don ya burge ni in dawo in tarar da inji yana kuka. Kukan bai kai minti biyu ba. Bawul huɗu muka nema, wata biyu muna jira.

Ga yadda ake yi. Zubar da ruwan lagireta, ka cire ta ko ka janyo ta gaba, ka buɗe murafen bel. Fulogi a cire suke. Buɗe ƙaramin murfin da ke saman inji ta baya, ka juya karanshaf har alamar T1 ta zo daidai da layinta. Duba fuli na kowane kamshaf, alamarsa ta yi daidai da alamar jikin inji. In ba su yi ba, ƙara zagaye ɗaya. Ɗiga farin fenti a kan fuli da jikin inji don idonka ya huta, ka ɗauki hoto.

Ɗaya daga cikin fulin yana ƙarƙashin matsin sifirin na bawul, da ka zare bel zai yi tsalle. Saboda haka riƙe notinsa da sifana, ka ɗaure sifanar a firam da waya kafin ka sassauta tenshina, wato ɗan fulin da ke danne bel don ya yi tauri. Zare tsohon bel, juya tenshinan da yatsa ka ji ko boris ɗinsa na ƙara, sa sabon bel ba tare da wani fuli ya motsa ko haƙori ɗaya ba. Saki tenshina sifirinsa ya ja da kansa, sannan ka ɗaure. Kada ka ƙara masa ƙarfi da hannu. Bel da ya yi tauri da yawa kuka yake yi kamar fito, kuma yana kashe boris.

Daga nan juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a hankali. In ka ji ya tokare, tsaya nan take, kada ka danna. Koma ka duba alamomi. Muddin bel yana cire, kada ka juya karanshaf ko kaɗan.

In ba ka samu bel na Honda ba, na kamfanin Gates mai lamba T274 yana shiga GL1000 da GL1100. Wanda ba shi da suna, ko wanda ya daɗe a rataye a rana a shago, bar musu kayansu.

5. Tanki da kabireta

Fitar da tankin wannan babur sai an cire tayar baya da abin da ke kewaye da ita, don haka in tsatsar ba ta huda shi ba, a wurinsa nake wanke shi. Zuƙe tsohon fetur, cika shi da binega, bar shi kwana biyu ko uku, zuƙe, ɗauraye da ruwa mai ɗan sodar burodi, sake ɗaurayewa, busar da shi da iska, ka cika shi da fetur a ranar. A laimar Kumasi in ka bar shi fanko ya kwana, da safe za ka tarar ya sake yin ja. Kada ka zuba masa tsakuwa ko noti kana girgizawa, kuma ka guji maganin shafe cikin tanki, domin akwai 'yan bututu masu raga a ciki da suke toshewa. Canja tiyo da matatar fetur.

Kabireta huɗu ne na Keihin a jikin akwati ɗaya, kuma tare suke fita. Shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ka ajiye gwangwani huɗu, 1 zuwa 4. Kayan wannan kada ya shiga na wancan. Jet ɗin silo raminsa ƙarami ne ƙwarai, shi ne ke toshewa ya sa babur ya ƙi zama a kunne sai da cok. Jiƙa shi cikin maganin wanke kabireta, hura masa iska, ɗaga shi sama ka ga haske ya ratsa. Kada ka zura masa allura. Da ka faɗaɗa ramin, babur zai riƙa shan mai yana baƙanta fulogi har abada.

Robobi duk ka canja, amma jet na tagulla na asali ka wanke ka mayar, sun fi waɗanda ke zuwa cikin fakiti inganci. Tsayin fulot, wato abin da ke yawo a kan fetur cikin kabireta yana tsayar da shigowarsa, milimita 15.5 ne. Kafin ka mayar da kabiretan jikin inji, jona masa fetur daga gora a kan tebur ka bar shi awa ɗaya. In zai yi yoyo gara ya yi a nan. Wannan yoyon ba abin wasa ba ne: silinda a kwance suke, fetur na iya gangarawa ya cika ɗaya, ka danna sitata kwanrod ya lanƙwashe. Shi ya sa ake rufe famfon fetur duk lokacin da aka ajiye shi.

In babu agogon daidaitawa, sami siririn tiyo mai haske kamar mita uku, lanƙwasa shi biyu a jikin katako, zuba ɗan man giya, jona bakunan a kabireta biyu. Wanda ya fi zuƙa zai ja man zuwa ɓangarensa. Bi su biyu-biyu har su daidaita. Yana cin haƙuri, amma yana yi.

6. Bawul, mai, ruwa, da tashin farko

Saita bawul inji na sanyi: na shiga 0.10, na fita 0.13 na milimita. Zuba baƙin mai 10W-40, ko 20W-50 saboda zafinmu, amma ka tabbata akwai JASO MA a jikin galan. Kulocin wannan babur cikin mai yake wanka, man ƙananan motoci na zamani yana sa shi santsi.

Lagireta ba ta son ruwan rijiya ko na leda. Haɗa ruwan lagireta marar silikat rabi da rabi da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ba. Silikat yana cin sil na famfon ruwa. A ƙasan famfon akwai ɗan rami, in ka ga yana ɗiga, famfon ya kusa lalacewa.

Kafin ka mayar da fulogi, danna sitata har fitilar mai ta mutu. Auna matsin silinda totur a buɗe gaba ɗaya. Sabo yana kai wajen 170 a ma'aunin psi, tsoho in ya ba ka 140 zuwa 150 ba laifi. Abin dubawa shi ne kada bambancin silinda da silinda ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ya yi ƙasa, zuba masa ɗan mai ka sake: in ya hau, ringi ne, in bai hau ba, bawul ne. Kada ka yi saurin buɗe inji, ringin da ya daɗe a zaune yakan saki bayan an ɗan yi tafiya.

Tayar da shi a fili, da abin kashe wuta a kusa. Zai yi hayaƙi, man da ka zuba ne. Bar shi ya yi zafi har fanka ta tashi da kanta. In allurar zafi ta wuce tsakiya fanka ba ta motsa ba, kashe shi ka duba suwic ɗinta, don babur da fankarsa ba ta aiki ba zai tsira daga cunkoson Kejetia ba. Farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi da bai daina ba, ko kumfa a robar ruwa, gasket ne. Amma ɗan hayaƙi daga salansar hagu da safe bayan ya kwana a jakin gefe, halinsa ne, kada ya tsorata ka.

7. Wuta

Batir mai lafiya yana nuna volt 12.6 a tsaye. Inji na juyi 3000 a minti, mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Koma kan wayoyin nan uku rawaya. Soket ɗinsu yana zafi ya narke, shi ke kashe kwayil. Ni yanke soket ɗin nake yi in haɗa wayoyin da dalma in rufe da kyau. Babban fiyus na amfiya 30 da ke kusa da batir ɗan siririn ƙarfe ne da ke tsagewa ba a gani, babur ya mutu a hanya kamar an yi masa asiri. Canja shi da na zamani mai gida. Kada ka naɗa waya a madadinsa.

Duk fitilun ado da ham na tirela da rediyon da masu shi na baya suka liƙa, cire su.

8. Birki, taya, shaf

Faranti uku gare shi, biyu gaba ɗaya baya. Kwance kalifa, fitar da fistin, kankare dattin da ke cikin ramin sil, sa sabon sil. A cikin tukunyar man birki akwai wani ɗan rami ƙarami ƙwarai da mai ke komawa ta ciki. In ya toshe, birki zai riƙa kamawa da kansa yayin da ya yi zafi, har taya ta tsaya cak. Tabbatar ya buɗe. Tiyon birki na asali ya haura shekara 40, canja shi. Man birki yana cin fenti, wannan ma wani dalili ne na barin fenti sai ƙarshe. Na 1983 birkin ƙafa yana kama baya da ɗaya daga farantan gaba tare, ka lura wajen fitar da iska.

A gefen taya, bayan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lambobi uku ne, tun kafin 2000 aka yi ta. Wadda ta wuce shekara shida ba na sa ta, komai kyan zanenta, kuma ba na sayen tsohuwar taya ta kwantena don babur mai wannan nauyi.

Tayar baya tana cire, wanke haƙoran da ke haɗa ta da shaf ka shafa giris mai moli. Giris na gama-gari ba ya zama, haƙoran su cinye. Canja man giyar baya. Shokazoba na iska ne, famfon hannu ake sa musu. Injin falkanaiza zai fasa sil cikin daƙiƙa.

9. Gwajin hanya

Sabunta inshora da takardar lafiyar abin hawa kafin ka fita titi, ka sa hular kwano. Fara da zagayen unguwa, ka dawo ka taɓa kowane farantin birki, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Sannan ka nufi tafkin Bosomtwe, gangaren da ke sauka bakin ruwa zai gaya maka gaskiyar birkinka, hawowa kuma ya gaya maka ta lagireta. Hawan dutsen hanyar Mampong ma haka. Yi hankali da tudun rage gudu, babur ɗin ƙasa-ƙasa ne. Bayan kilomita 300 zuwa 500, sake juye mai, sake bin notuna. Ni ba na sa shi kasuwa sai na yarda zan iya hawansa zuwa Techiman in dawo ba sifana a aljihu.

10. Fenti da kwalliya

Yanzu ne lokacinsa. Fara da wankewa da man goge fenti, sau da yawa launin asali yana nan ƙarƙashin dauɗa, kuma wanda ya san babur ya fi son fentin kamfani mai ɗan tabo a kan sabo. In dole sai an fesa, mayar da launinsa na asali. Kada a fesa ranar da hadari ya haɗu, laima tana sa fenti ya yi hazo kamar idon makaho. Da hunturu kuma ƙura ce, sai a jiƙa ƙasan shago. Akwatuna da garkuwar gaba roba ce, in sun tsage a narka a liƙe ta ciki, foti ba ya zama a kansu. Tsatsar ƙarfe mai sheƙi tana fita da takardar alminiyam da ruwa. Kujera kuwa kai wa masu ɗinkin kujerun mota a Magazin tare da hoton ta asali, in ba haka ba za su yi maka ɗinkin kujerar falo.

11. Farashi da ciniki

Buɗe littafinka ka tara komai, har kuɗin aboboya, wato keken kaya mai taya uku, da ta ɗauko shi, ka sa ladan hannunka. Duba abin da ake sa wa irinsa a shafukan talla na Jiji da Tonaton da kuma Facebook, amma ka tuna farashin talla ba shi ne na sallamawa ba. Mai sayen wannan ba ɗan okada ba ne. Dattijo ne da ya hau irinsa yana saurayi, ko 'yan ƙungiyar manyan babura na Accra da Tema, ko boga, wato ɗan ƙasa mazaunin waje, da ya dawo hutun Disamba. Don haka ƙarshen shekara da gabanin Sallah kasuwa ta fi motsi.

Ɗauki hoto da hantsi a wuri mai tsabta, har da lambar kilomita da ƙasan inji. Yi bidiyo ka dafa salansa da hannu a ga sanyi take, sannan ka tayar. Faɗi aibinsa da bakinka: agogon mai ba ya aiki, akwatin hagu an liƙe shi. Mai saye in ya gano da kansa, sai ya ɗauka akwai goma da ka ɓoye.

In da dillali, a yanke la'adarsa tun farko gaban shaida. Mai son gwadawa ya nuna lasisi, ya ajiye Ghana Card ɗinsa, wato katin ɗan ƙasa, da kuɗi a hannunka, in ya kayar ya saya. Wanda bai taɓa hawan babba ba, goya shi. In an taya ƙasa, "albarka" ta isa, ba sai ka yi dogon bayani ba. Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Masta, ai tsoho ne, ya girmi ɗana." Na ce, "Gaskiya ne Alhaji, shi ya sa ba a samunsa a shago." Ya yi dariya, ya ƙara.

Kuɗin kafin alƙalami a rubuta shi da ranar cikawa. Kada ka yarda da saƙon MoMo, wato na kuɗin da ake turowa ta waya, da aka nuna maka ko wanda ya shigo wayarka, danna *170# ka ga kuɗin da idonka in MTN ne. Kuɗi mai yawa kuwa ku je banki tare. Ba na ba da babur a kan "sauran sai wata ya mutu".

12. Canja suna da miƙa makulli

Ku rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar firam, lambar inji, lambar rajista, farashi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Sannan ku je ofishin DVLA, hukumar lasisi da rajistar ababen hawa, ku biyu, da babur ɗin da Ghana Card, a mayar da shi sunansa. Ku shiga ciki da kanku, ku bar masu tare mutane a bakin ƙofa. In ka bari ya tafi da sunanka a takarda, ranar da aka yi hatsari ko aka kama shi da wani abu, ƙofarka 'yan sanda za su buga.

Ranar miƙawa ina haɗa masa da tsofaffin bel ɗin a leda, da makulli na biyu, da takarda mai kwanan watan da aka canja bel da mai da taya da kilomitar da agogo ke nunawa. Ina nuna masa famfon fetur in sa ya rufe ya buɗe sau biyu a gabana. Sai darasin jakin tsakiya, wanda kusan kowa ke faɗuwa a kansa: hannun hagu a kan sitiyari, na dama a ƙarfen gefen kujera, a taka jakin har ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa, sannan a hau kansa da nauyin jiki gaba ɗaya, ba a ɗaga da baya ba. Sai ya yi sau uku shi kaɗai nake buɗe masa ƙofar shago.